Hamadar Teku: Yadda Filankton Ke Rayuwa a Ruwan da Ba Shi da Taki

Teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, amma albarkarsa ba ɗaya ba ce a ko'ina. A gaɓar Peru da Namibiya da Muritaniya ruwan kore ne mai duhu, maƙare da kifi. A tsakiyar manyan tekuna kuwa, a yankunan zafi da ke arewa da kudancin ikwaita, ruwan shuɗi ne garau, har idan aka zura farin faifai da igiya akan ci gaba da hango shi a zurfin mita 40, wani lokaci ma fiye da 60. Tsabtar nan rashi ne ya haife ta. Ruwan ba shi da isassun sinadaran da tsiro ke bukata, don haka ƙananan halittun da kan rina ruwa ya yi kore ba su da yawa a cikinsa.

Masana kan kira waɗannan wurare hamadar teku. Manyansu biyar ne: biyu a Atlantika, biyu a Fasifik, ɗaya a kudancin Tekun Indiya. Idan aka haɗa su sun kai kimanin kashi 40 cikin 100 na fuskar duniya baki ɗaya. Saboda wannan faɗi, duk da talaucinsu suna da kaso mai tsoka a abincin da ake haɗawa a teku da kuma kabon ɗin da ke sauka ƙarƙashinsa. Abin da ke riƙe da rayuwa a cikinsu shi ne saurin juya ɗan abin da ake da shi, da kuma 'yan ƙare-ƙaren da ke shigowa daga ƙasa da sama.

Mene ne filankton?

Filankton suna ne da ya tattara duk halittun da ke yawo a ruwa ba su da ƙarfin yin gaba da igiyarsa. Inda ruwa ya nufa nan suke nufa. Mafi yawansu ido ba ya ganinsu. Akwai filankton na tsiro, dangin gansakukar da kan rufe tafki. Suna ɗauke da koren sinadarin nan kulorofil, suna amfani da hasken rana su haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid su mai da su abinci, su saki oksijin. Akwai kuma filankton na dabba da ke cin na tsiron, tun daga masu ƙwayar halitta ɗaya tal har zuwa ƙananan dangin jatan lande da ake kira kofefod, da 'ya'yan kifi da na ƙaguwa. Sai bakteriya da bairos, waɗanda suka fi kowa yawa.

A ma'aunin nauyi, filankton na tsiro bai kai kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba, amma shi ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana a duk duniya. Gajeren rai ne ya ba shi wannan dama. Bishiya kan yi shekaru tana tara itace, filankton kuwa cikin kamar mako guda an cinye na yau, sabo ya maye gurbinsa.

Haske da ruwa da kabon kaɗai ba sa isarsa. Yana bukatar naitirojin da fosfaras, wato N da P ɗin da ake rubutawa a buhun takin zamani, da kuma ɗan sinadarin ƙarfe. Binciken da Ba'amurke Alfred Redfield ya fara wallafawa a 1934 ya kai ga ma'aunin da ake aiki da shi har yau: a jikin filankton, kowace ƙwayar zarra ɗaya ta fosfaras tana tafiya da kimanin 16 na naitirojin da 106 na kabon. Duk wanda ya fara ƙarewa a cikinsu shi ke tsayar da girma, komai yawan sauran.

Dalilin talaucin ruwan zafi

A 1889 Victor Hensen na Jami'ar Kiel a Jamus ya jagoranci wani jirgin bincike da ya ratsa Atlantika yana jan koma mai ƙananan idanu. Abin da ya samu ya saɓa wa zaton mutanen zamaninsa: ruwan sanyi na arewa ya fi na yankin zafi yawan filankton nesa ba kusa ba, akasin yadda abin yake a tudu, inda dazukan zafi suka fi ko'ina yalwa. Dalilai biyu ne suka haɗu suka kawo haka.

Na farko zafin rana. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka yakan zauna a sama. A yankin zafi saman teku kan kai digiri 25 zuwa 29, alhali a zurfin mita 1,000 kimanin digiri 5 ne. Tsakaninsu akwai wani shinge inda zafin ke faɗuwa da sauri, shi ke hana ruwan sama da na ƙasa cuɗanya. A tekunan arewa, tsananin sanyi da guguwa kan rushe shingen kowace shekara, su dama ruwan har zurfin ɗaruruwan mita, idan haske ya dawo sai filankton ya yi ambaliya. A yankin zafi shingen na nan daram duk shekara.

Na biyu iska. Wadda ke kaɗawa daga gabas a kusa da ikwaita, da wadda ke kaɗawa daga yamma a can gaba, tare da juyawar duniya, suna sa ruwa ya riƙa zagayawa a wata makekiyar da'ira, suna kuma tura ruwan sama zuwa tsakiyarta. Ruwan ɗumi ya taru a nan ya yi tudu na kimanin mita guda, ya ƙara danna shingen ƙasa.

Sakamakon haka, haske na sama, taki na ƙasa. A arewacin tsibiran Hawai, takin naitirojin da ake kira naitiret da ke zurfin mita 1,000 ya ninka na saman ruwa fiye da sau 1,000. Inda biyun ke ɗan haɗuwa shi ne zurfin mita 100 zuwa 130, inda hasken da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, takin ƙasa kuma ya fara tsattsafowa. A wannan layi ne kulorofil ya fi yawa. A kudancin Fasifik, kusa da tsibirin Rapa Nui, inda wani jirgin binciken Faransa ya auna ruwan teku mafi tsabta a 2004, layin ya sauka har kusan mita 180.

Ƙanana ne ke mulki

Ƙwayar halitta ta fatarta take tsotsar abinci. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon yawan fatar idan aka kwatanta da cikin da za a ciyar, ƙarama kuma ba ta saurin nitsewa. Shi ya sa a ruwan da taki ya yi ƙaranci mafi ƙanƙanta ke cin nasara, kuma shi ya sa komar Hensen da ta waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa barin mafi yawan mazauna wurin suna zurarewa.

Sai a 1986 ne Sallie Chisholm ta jami'ar MIT da Robert Olson na cibiyar binciken teku ta Woods Hole suka gano babbar mai haɗa abinci a wannan ruwa. Sun shiga Tekun Sargaso, a arewacin Atlantika, da wata na'ura da asali don binciken likitanci aka ƙera ta, mai jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a gaban hasken lesa tana ƙirga su. Na'urar ta riƙa nuna wani ɗan jan haske mai rauni daga ƙwayoyin da babu wanda ya san da zamansu. An wallafa sakamakon a 1988, daga baya aka raɗa wa halittar suna Prochlorococcus.

Ita ce mafi ƙanƙanta cikin halittun da aka sani masu haɗa abinci da hasken rana. Sai an jera fiye da 1,500 kafin su cika milimita ɗaya. Cokalin shayi na ruwan tsakiyar teku kan ɗauki kusan rabin miliyan, kuma an ƙiyasta yawansu a duniya da lamba 3 mai sifili 27 a bayanta. Tsimi ne dabararta. Ƙwayoyin gadon wasu ire-irenta kimanin 1,700 ne kacal, alhali bakteriyar E. coli da ke hanjin mutum tana da fiye da 4,000. Ta yar da duk abin da za ta iya rayuwa ba shi. Wajen gina fatarta, inda sauran halittu ke kashe fosfaras, ita farar wuta take sakawa, wadda ke jibge a ruwan teku. Ta ma rasa sinadarin da ke karya gubar da hasken rana ke haifarwa a saman ruwa, ta dogara ga bakteriyar da ke kewaye da ita su yi mata wannan aiki. Tana da ire-ire, wasu sun saba da ƙwallewar rana a sama, wasu da duhu-duhun zurfin mita 150. Takan rabu biyu kamar sau ɗaya a yini, daga yamma zuwa dare, amma yawanta ba ya ƙaruwa, domin gwargwadon abin da aka haifa gwargwadon abin da aka cinye kafin gari ya sake wayewa.

Abokiyar zamanta ita ce bakteriyar SAR11, wadda Stephen Giovannoni da abokan aikinsa suka gano alamarta a 1990, ita ma a Tekun Sargaso, ba a kuma iya rainon ta a ɗakin gwaji ba sai a 2002. Ba ta haɗa abinci da kanta. Narkakkun ragowar da wasu suka zubar take tsotsa. A saman teku, cikin kowace ƙwaya uku ko huɗu ɗaya tata ce.

Juya ɗan abin da ke hannu

Zaman wannan ruwa kamar na ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari: abin da ke hannunsa a kowane lokaci kaɗan ne, amma yana juya shi sau da yawa, har cinikinsa na shekara ya ninka jarin ninkin ba ninki. A 1967 Richard Dugdale da John Goering suka raba girman filankton gida biyu, wanda sabon naitirojin daga waje ya ciyar, da wanda tsohon da aka sake juyawa ya ciyar. A hamadar teku kimanin kashi 90 cikin 100 na girman daga tsohon yake.

Ga yadda zagayen ke tafiya. Filankton na tsiro kan zubar da wani kaso na abincin da ya haɗa a narke cikin ruwa. Bakteriya su tsotse shi su yi girma. Wasu ƙananan mafarauta masu bulala ɗaya ko biyu su cinye bakteriyar da Prochlorococcus, masu gashi-gashi da suka ɗan fi su girma su cinye su, kofefod ya cinye waɗannan. A kowane mataki mai ci yakan fitar da amoniya da fosfat a matsayin ƙazanta, kuma kafin su yi nisa wata ƙwayar tsiro ta sure su, cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Lawrence Pomeroy ne ya fara jawo hankali ga muhimmancin wannan hanya a 1974, Farooq Azam da abokansa suka fayyace ta a 1983. Don haka idan aka auna amoniya a ruwan aka ga kusan babu, dalilin shi ne ana kwashe ta da zarar ta fito.

Bairos ma na da nasa rabon aikin. A 1989 masu bincike a Bagen ta ƙasar Nowe suka nuna cewa yawansa a ruwa ya zarce duk abin da ake zato. A saman teku akan sami kimanin miliyan 10 a mililita ɗaya. Yakan shiga ƙwayar bakteriya ya hayayyafa har ta fashe, abin da ke cikinta ya watse ya zama abincin maƙwabta. An ƙiyasta cewa kullum yana kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙananan halittun teku. Takin da ya fito ta wannan hanya a sama yake tsayawa, ba ya nitsewa.

Akwai wasu dabarun. Da yawa daga ƙananan gansakuka suna haɗa sana'a biyu, su yi abinci da hasken rana, su kuma haɗiye bakteriya don samun naitirojin da fosfaras ɗin jikinta. Wasu filankton na dabba masu ƙwarya ta gilashi ko ta alli suna ajiye gansakuka a cikin jikinsu, su ba ta ƙazantarsu, ita ta ba su sukari, ba abin da ke fita waje. Idan fosfat ya yi wuya, ƙwayoyi da dama kan fitar da wani sinadari da ke ɓanɓaro fosfaras daga narkakkun gawarwaki.

An daɗe ana raina ƙwazon wannan ruwa. Tun 1952, lokacin da Einer Steemann Nielsen na Denmak ya ƙirƙiro hanyar auna girman filankton da kabon mai walƙiya, alƙaluman da aka riƙa samu a tsakiyar teku ƙanana ne. A shekarun 1980 aka gane cewa ɗan burbushin ƙarfe da tagulla daga kwalabe da wayoyin jirgi na illata ƙwayoyin tun kafin a auna su. Da aka koma aiki da kaya masu tsabta sai alƙaluman suka ninka sau biyu zuwa uku. A arewacin Hawai, filankton ɗin da ke ƙarƙashin kowane murabba'in mita na kama kusan rabin giram na kabon a kullum.

Abin da ke nitsewa

Zagayen ba ya rufuwa ruf. Gawarwaki da kashin kofefod da yauƙin da wasu halittu ke tace abinci da shi kan manne da juna su zama ɓarɓashi mai nauyi, su riƙa sauka a hankali. Kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka haɗa a sama ke tsallake iyakar haske. Mafi yawansa ana cinye shi tsakanin mita 200 da 1,000, inda ƙananan halittu ke mai da amoniya ta zama naitiret. Daga nan ne tarin takin ƙasa ya samo asali. Abin da ke isa ƙasan teku kamar kashi 1 ne cikin 100. A tsakiyar kudancin Fasifik, lakar da ke taruwa a ƙasa ba ta wuce milimita ɗaya a shekara 1,000.

Dabbobi ma na taya jigila. Kowane dare kofefod da ƙananan kifaye kan hauro daga zurfin ɗaruruwan mita su yi kiwo a sama, da asuba su koma duhu don gudun masu farautarsu, can su yi numfashi su yi kashi. Kabon ɗin da ya sauka ta waɗannan hanyoyi kan yi ɗaruruwan shekaru bai sake haɗuwa da iskar sama ba, kuma wannan na cikin abubuwan da ke rage kabon-dayoksaid a sararin samaniya. Sai dai kowane ɓarɓashi da ya nitse da naitirojin da fosfaras yake tafiya. Idan ba a mayar da gurbinsu ba, da sannu saman zai ƙare ƙaf.

Takin da ke haurowa daga ƙasa

Kaɗan-kaɗan naitiret na tsattsafowa ta cikin shingen, amma bai isa ba. Babban taimako na zuwa ne jefi-jefi. Akwai majujuwar ruwa masu faɗin kilomita 100 zuwa 200 da ke yawo a teku tsawon watanni. Wasunsu kan ɗaga ruwan ƙasa zuwa cikin haske. Mahaukaciyar guguwa idan ta wuce takan bar koren sawu a bayanta, wanda tauraron ɗan'adam ke gani na tsawon mako biyu ko uku. A kusa da Bamuda, da yake gefen da'irar ne, sanyin Fabrairu da Maris kan dama ruwa har mita 200 zuwa 300, a sami ɗan yalwa na shekara-shekara. A 2018, da dutsen Kilauea na Hawai ya kwararo da narkakken dutse cikin teku, zafinsa ya sa ruwan ƙasa ya taso da naitiret, cikin 'yan kwanaki filankton ya rina wani dogon yanki.

Wasu manyan gansakuka masu ƙwaryar gilashi, na dangin Rhizosolenia, ba sa jira a kawo musu. Sukan dunƙule su yi curi, su cika jikinsu da sitaci a sama har su yi nauyi su nitse, su ɗebi naitiret a ƙasa, idan sitacin ya ƙone su sake tasowa.

Takin da ke fitowa daga iska

Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, yana kuma narke jingim a ruwan teku, amma a siffar da tsiro ba ya iya amfani da ita. 'Yan bakteriya kaɗan ne ke iya fasa shi su mai da shi amoniya, aikin da 'yan uwansu ke yi a ƙululun saiwar wake da gyaɗa. Mafi shahara a teku ita ce Trichodesmium, mai son ruwan da ya haura digiri 20. Takan yi zare-zare da ke haɗuwa su yi ɗan tuntu da ido ke iya gani, idan teku ya lafa su taso su rufe kilomitoci da launin ƙasa-ƙasa. Matuƙan jirgin Kyaftin Cook sun gan ta a gaɓar Ostireliya a 1770, Charles Darwin ya bayyana ta a kusa da Burazil a 1832, Christian Ehrenberg kuma ya raɗa mata suna a 1830 daga wadda ya gani a Bahar Maliya. Sai a 1961 aka nuna cewa tana kama naitirojin.

Wata kuma, Richelia, a cikin jikin gansakuka masu ƙwaryar gilashi take zaune tana ciyar da su. A arewacin Hawai wannan haɗin gwiwa kan bunƙasa tsakanin Yuli da Agusta, ya aika da ɓarɓashi mai yawa har ƙasan teku, kuma an ƙiyasta cewa a can kusan rabin sabon naitirojin daga iska yake. A 1998 Jonathan Zehr ya gano alamar wata ƙaramar mai kama naitirojin. A 2024 aka tabbatar cewa ta riga ta zama gaɓa a jikin gansakukar da take zaune ciki, karo na farko da aka ga haka a wata halitta da ba bakteriya ba. Wannan ƙarin naitirojin daga iska shi ke cike giɓin da ake samu a Tekun Larabawa da gaɓar Peru da Meziko, inda ƙarancin oksijin a tsakiyar ruwa ke sa bakteriya su mai da naitiret ya koma iska.

Ƙurar Sahara

Kama naitirojin aiki ne mai cin ƙarfe, ƙarfe kuma da ƙyar yake narkewa a ruwan teku. A tsakiyar teku, inda kogi ba ya kaiwa, ƙura ce babbar mai kawo shi. Wani bincike na hukumar NASA da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke ƙetare iyakar yammacin Sahara zuwa kan Atlantika kowace shekara. Da damina mafi yawanta daga Mali da Muritaniya da Aljeriya take tashi ta nufi Karibiyan. Da hunturu kuwa ɗaya daga cikin manyan tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Hazon da ke rufe Maiduguri da Kano da Damagaram daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kaso mai yawa nasa daga can yake, kuma ragowarsa kan zarce har teku. Ƙasar Bodele tsohon gindin tafki ce, tun lokacin da Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000 kimanin shekara 7,000 da suka wuce, kuma farar ƙurarta ƙwaryar filankton ɗin da ya rayu a wancan tafki ce.

Tasirin ƙurar a bayyane yake idan aka kwatanta ɓangarori biyu na Atlantika. A arewa, inda take sauka, Trichodesmium ta yi yawa, ta kama naitirojin har ta sa fosfat ya yi ƙaranci ƙwarai. A kudu, inda ƙura ba ta da yawa, masu kama naitirojin kaɗan ne, fosfat kuma na nan ba a ƙarar da shi ba. Gwaje-gwaje a Bahar Maliya sun nuna tuntun Trichodesmium na cafke ƙwayar ƙura, ya jawo ta tsakiyarsa, ya narkar da ƙarfen cikinta. Arewacin Fasifik na samun tasa ƙurar daga hamadar Gobi da Taklamakan tsakanin Maris da Mayu. Tsakiyar kudancin Fasifik ta yi nisa da kowace hamada, shi ya sa ta fi duk sauran talauci.

Daga filankton zuwa kifi

A kowane mataki na ci da ciyarwa, kimanin kashi ɗaya cikin goma ne ke zama tsoka a jikin mai ci. John Ryther ya nuna a 1969 cewa a tsakiyar teku akan bi matakai kusan biyar kafin a kai ga babban kifi, domin tushen abincin ya yi ƙanƙanta da yawa. Bayan matakai huɗu kawai, kilo 10,000 na filankton ya koma kilo ɗaya. A wuraren da iska ke ture ruwan sama daga gaɓa na ƙasa ya ɓulɓulo, kamar Peru da Senegal, da gaɓar Gana da Kwaddibuwa daga Yuli zuwa Satumba, filankton ɗin manya ne, kifin sadin kan ci shi da mataki ɗaya ko biyu. Manyan irin waɗannan wurare ba su fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na teku ba, amma suna ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa. Kifin tuna da ke zaune a ruwan shuɗi dole ya yi doguwar tafiya yana neman inda abinci ya taru, a bakin majujuwar ruwa ko kan duwatsun ƙarƙashin teku.

Tsibiran murjani na tsaye cikin wannan ruwa amma cike suke da rai, da irin dabarar nan ta hana komai fita. Murjani na ajiye gansakuka a jikinsa, soson ruwa na tsotse narkakken abin da suka zubar ya mai da shi abincin wasu. Tsuntsayen teku kuma na kawo taki daga nesa. A tsibiran Chagos da ke Tekun Indiya, wani bincike na 2018 ya nuna cewa inda ɓeraye ba su shiga suka kori tsuntsaye ba, kifayen murjani sun fi saurin girma sun kuma fi yawa.

Sa ido da sauye-sauye

Tun Oktoban 1988 jiragen bincike ke zuwa kusan kowane wata wurare biyu: tashar ALOHA, kilomita 100 arewa da tsibirin Oahu, da wata kimanin kilomita 80 kudu maso gabashin Bamuda. Tun 1995 jiragen Birtaniya ke ratsa Atlantika daga arewa zuwa kudu suna awo. Daga sama, taurarin ɗan'adam ke auna launin ruwa tun 1978, daga cikinsu akwai PACE da aka harba a Fabrairun 2024.

Awon ya nuna sauyi. A tashoshin biyu ruwan na ƙara tsami sannu a hankali saboda kabon-dayoksaid ɗin da yake sha. Wani bincike na 2008 ya gano cewa yankunan da suka fi ƙarancin kulorofil sun ƙaru da murabba'in kilomita miliyan 6.6 tsakanin 1998 da 2006. Wani na 2023 ya nuna launin kashi 56 cikin 100 na saman teku ya canja cikin shekara 20, musamman a yankin zafi. Daga 2011 kuma ciyawar teku ta Sargassum ta fara yin wani dogon zango daga Afirka ta Yamma zuwa Tekun Meziko, wanda a 2018 ya haura tan miliyan 20, tana cika gaɓar Karibiyan da Saliyo da Gana da Najeriya tana toshe komar masunta.

Lissafin masana ya nuna cewa ƙarin ɗumin saman teku na ƙarfafa shingen da ke tsakanin haske da taki. Hakan na fifita ƙananan ƙwayoyi a kan manya, ya tsawaita matakan da ke tsakanin filankton da kifi, ya kuma rage ɓarɓashin da ke sauka da kabon. Saboda haka yawan ƙurar da hamada ke aikawa, da ƙwazon masu kama naitirojin, da zurfin da iska ke dama ruwa, su ne abubuwan da tashoshin nan suka fi mai da hankali a kai a awonsu na wata-wata.